Kakana Yana Cewa “Hagu Lafiya”, Alhali Ba Ya Ganin Hagu

Zuwa ga Malama Kuwabara,

Ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. A garinmu babu wanda zan faɗa wa ba tare da maganar ta riga ni isa gida ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, daga ƙaramar sakandare na tsaya, hannuna ya fi sabawa da almakashin tsinkar lemo a kan alƙalami.

Shekaruna ashirin da shida. Ina aiki a gonar lemo ta wani dattijo, Hyodo, a kan tudun da ke kallon teku a nan Ehime, kudancin Japan. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, iyayenta ne suka raine ni. Jii-chan nake ce wa kakana, Baa-chan kuma kakata, kuma su ke nan gare ni a duniya sai kawuna Norihiko da ke aikin ofis a Osaka.

Jii-chan direban bas ne, kusan shekara arba'in a hanyar bakin teku, ko kare bai taɓa bugewa ba. Kin san yadda direbobinmu suke yi a mararraba: a tsaya, a miƙa yatsa, a faɗa da ƙarfi, “Dama lafiya! Hagu lafiya! Mun tashi!” To shi abin ya shige masa jini. Ina yaro, ko titi za mu tsallaka a ƙafa sai ya yi. A kanti ma, yana tura keken sayayya, sai ya nuna yatsa kafin ya karya kwanar layin shinkafa, Baa-chan tana bayansa tana cewa, “Baban yara, mutane fa suna kallonmu.” Farar safar hannunsa ita take wanke masa kullum da yamma, ta shanya a tagar kicin. A shekarunsa na ƙarshe shi ne mai duba direbobi da safe kafin a ba su makulli. Ya taɓa mayar da babban amininsa gida saboda ya ga hannunsa yana rawa, suka yi wata da watanni ba sa ga maciji, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a baya, da gado da ɗan murhu da wurin wanke kwano. Ya ce tsawon rayuwarsa hanya ɗaya yake bi, ya je ya dawo, yanzu zai kai matarsa ta ga ƙasar gaba ɗaya a shekara guda. Baa-chan ta ɗinka labule, ta ɗauki tukunyar shinkafarta da tulun da take tsuma kayan lambu a ciki da hoton mahaifiyata. Suka tashi lokacin da furanni suka buɗe. Shirin shi ne su fara da kudu, su bi gaɓar yamma su hau arewa, su yi watannin zafi na bayan damina a tsibirin Hokkaido lokacin da babu sanyi, su juyo gida a hankali.

Kawu Norihiko tun farko bai so ba. A gabana ya ce, “Baba, ranar da na ji an goga motar nan a jikin ko da sandar gefen hanya ce, tafiya ta ƙare, kuma lasisi zai koma wurin ’yan sanda.” Jii-chan ya ce, “Wa ya koya maka riƙe sitiyari, ɗan ofis?” Na san kawu ya riga ya duba wani gidan tsofaffi kusa da shi, don na ji yana yi wa matarsa maganar a waya a bayan gida.

Ita ma Baa-chan tana da lasisi, har mai layin zinare da ake ba wanda bai taɓa laifin hanya ba. To ina za ta yi laifi? Tun da ta ci jarrabawar tana budurwa ba ta sake zama a kujerar direba ba. Sabunta shi kawai take yi ta mayar jaka. Jii-chan yakan tsokane ta, “Ga gwanar direbobin Japan nan, ko taya ba ta taɓa ɓata ba.”

Kullum Baa-chan tana turo mini hoto daga tashar gefen hanya inda suka kwana. Ni mutum ne mai son kallon abu a tsanake, wataƙila don aikina kullum juya lemo ne ina neman inda ya bugu. Da farko hotunan daɗi kawai suke ba ni. Ga su a bakin tafki, ga su da kifin da wani maƙwabcin kwana ya ba su. Wajen tsakiyar damina na lura an daina ɗaukar motar ta gefen hagu. Kullum ta dama, kamar akwai wata gogewa a hagun da ake ɓoyewa. Sannan tafiyar ta ragu. Da, sai su ci gari uku a yini, yanzu sai su yi kwanaki a wuri ɗaya, in sun matsa ma ɗan kaɗan ne, kuma ba sa tafiya in ana ruwa. Na ce a raina gajiya ce ta tsufa.

Sai wani hoto da ta ɗauka daga cikin motar, wai tana nuna mini dutse ta gilashin gaba. A ƙasan hoton ga kujerar direba an jawo ta har ta kusa taɓa sitiyari, an ɗora matasai biyu a kai, irin waɗanda ta ɗinka da kanta. Jii-chan dogo ne, gwiwarsa ba za ta shiga wurin nan ba. A wani hoton kuma ga farar safar a kan sitiyari, an naɗe bakin kowane yatsa an soke da zare don ta yi daidai da ƙaramin hannu.

Nan abubuwa suka fara dawo mini. Kafin su tafi, sau nawa na ga ya bugi ƙofar banɗaki da kafaɗarsa ta hagu yana zagin ƙofar. In na zauna a hagunsa wurin cin abinci, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni. Abin da ke gabansa kuwa yana gani sarai, jarida ma yana karantawa, shi ya sa ya ci gwajin ido da ya je sabunta lasisi. Gefen ne ya tafi.

Duk da haka na yi shiru. Na ce to, ya gane da kansa, ya ba ta sitiyari, suna tafiya a hankali, ni wa zan tona wa asiri? Har na ɗan ji daɗi a raina.

Abin da ya hana ni sukuni ya faru ne makon jiya. Baa-chan ta kira ni daidai lokacin shan shayinmu na hantsi a gona. Ita mace ce mai tsoron ɓarnar kuɗin waya, kullum ita take fara kashewa, sau da yawa ina tsakiyar magana. Ta tambaye ni ko ina cin ganye, ko na fito da bargon sanyi, ta ce, “To, sai an jima.” Amma wayar ba ta mutu ba. Na ji an ajiye ta a kan wani abu, na ji an tayar da inji. Ban kashe ba, na san bai kamata ba, amma ban kashe ba.

Na ji muryar Jii-chan irin ta aiki, daga kujerar fasinja: “Madubi. Birkin hannu. A hankali, ke, ba keken ɗinki ba ne.” Ta ce, “Na ji, ranka ya daɗe.” Har na yi murmushi. Suka ɗan yi tafiya, motar ta tsaya. Ta ce, “Dama lafiya.” Shi kuma ya ce da ƙarfi, ba ko ɗar, “Hagu lafiya! Mun tashi!” Motar ta motsa. Sai hon na babbar mota, dogo, kamar a cikin kunnena, da ƙarar birki, da kwanoni suna zubowa a baya. Ina tsaye a kan tudu, shayi ya zube mini a ƙafa ban sani ba. Can na ji ta ce a hankali, “Baban yara, ka ce lafiya.” Ya ce, “Gudu yake yi. Yaran yanzu ba su iya tuƙi ba.” Daga nan wayar ta mutu.

Malama, kin ga abin da ke ba ni tsoro. Ita ba ta duba hagu, don me za ta duba bayan direban da bai taɓa haɗari ba ya ce lafiya? Shekara arba'in da wani abu maganarsa a kan hanya ba a ja da ita. Shi kuma yana zaune a gefen hagu, an bar masa hagu, gefen da ba ya gani. Hannunta ne a sitiyari, amma da idonsa take tuƙi.

Kuma saboda jinkirin nan lokacin zafi ya wuce ba su kai Hokkaido ba. Yanzu suna Aomori, can arewa inda ake tsallakawa Hokkaido, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Mu mutanen kudu ne, Baa-chan ko takawa ba ta iya yi a kan ƙanƙara, balle tuƙi. Na kira shi na ce su juyo, a ƙarasa baɗi. Ya ce, “Ka taɓa ganin bas ta juya kafin tashar ƙarshe?” Wai za su hau jirgin ruwa su tsallaka, su bi har Nosappu, can ƙarshen gabas, su ga fitowar ranar farko ta sabuwar shekara, ya yi mata alkawari. Na daure na ce, “Jii-chan, idonka fa, lafiya?” Ya yi dariya. “Idona ya fi naka, ɗan lemo. Kai da ko budurwa ka kasa hangowa.” Da na tambayi Baa-chan, cewa ta yi komai lafiya lau, wai tuffar can ta fi lemonmu zaƙi, kada in faɗa wa Hyodo.

Duk sanda wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai in ɗauka mummunan labarinsu ne ya zo. In ina tuƙa ’yar motar gona na iso mararraba na ga yaran makaranta da hulunansu masu ruwan ɗorawa, sai in ga kamar motar kakannina ce ke fitowa ta gefe. Ba mutuwarsu kaɗai nake tsoro ba, har da su kashe ɗan wani, Baa-chan ta ƙarasa rayuwarta da wannan.

In na faɗa wa kawu, gobe zai hau jirgi, zai yi masa faɗa a gaban mutane a wurin ajiye motoci, ya karɓi makulli, ya sayar da motar, sai gidan tsofaffi. Na san Jii-chan, daga ranar ba zai sake zama mutum ba, kuma zai san ni ne. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa daga wurin jana'izar uwata. In na yi shiru kuma wani abu ya faru, ni ne na ji hon ɗin nan na koma tsinkar lemo. In ce zan je da kaina, yanzu ne tsakiyar girbi, Hyodo gwiwarsa ta lalace, ni kaɗai ne nake hawa saman tudu da kwando. Shekara tara yana riƙe da ni, da wane baki zan ce masa zan tafi a wannan wata?

Shin tsoron nawa ya yi yawa ne? In faɗa wa kawu ko in bari? Ta yaya ake gaya wa mutum irin wannan cewa ba ya gani?

Mai tsinkar lemo, Ehime

*

Ya kai mai tsinkar lemo,

Tsoronka bai yi yawa ba, daidai yake. Motar nan ba za ta hau jirgin ruwa ba, kuma bai kamata ta sake fita mararraba a yadda suke ba. Wannan ba ya cikin abin da za mu auna. Abin aunawa shi ne yadda za a tsayar da ita ba tare da an karya mutumin da ke ciki ba.

Bari in fara da abin da ka gani da idonka amma ba ka yarda ka gane ba. Matar da kullum take katse ka a tsakiyar magana don kada kuɗin waya ya tafi, ba ta manta kashewa. Ta zaɓi lokacin hutunka, ta ajiye wayar, ta bar ka ka ji. Matasai biyun nan ma ita ta sa su a hoto, da safar da ta rage wa yatsu. Kakarka ba za ta iya buɗe baki ta ce mijinta ba ya gani ba, ba za ta taɓa iyawa ba. Watanni ke nan tana kiran mutum ɗaya da ta san yana kallon abu a tsanake. Don haka ka cire wa ranka cewa leƙen asiri ka yi. Gayyatar ka aka yi.

Yau ɗin nan ka kira ta, lokacin da ka san ya shiga wurin wanka. Kada ka tambaye ta komai, don za ta ce lafiya lau ta koma zancen tuffa. Ka ce mata kawai, “Baa-chan, ina zuwa. Ku jira ni a inda kuke, kada motar ta motsa.” Za ta san dabarar da za ta riƙe shi, ta fi mu sanin sa.

Sai maigidanka. Ka je ka faɗa masa gaskiya, ka roƙi ’yan kwanaki, ka taya shi neman wanda zai hau tudun kafin ka dawo. Zai ji jiki, ban ce ba zai ji ba, kuma ka biya shi da aiki daga baya. Amma dattijon da ya riƙe ka shekara tara, in ya ji daga baya cewa saboda lemonsa ka zauna, ba zai gode maka ba.

Kawunka ba maƙiyi ba ne. Abin da yake tsoro shi ne ainihin abin da kai ma kake tsoro, yaran nan masu hula ruwan ɗorawa, sai dai shi tsoronsa da faɗa yake fita. Iyayensa ne, yana da haƙƙin sani. Zan ba ka damar ka riga shi zuwa, amma da sharaɗi: in ka isa kakanka ya ƙi, ko ka ji sun yanki tikitin jirgi kafin ka isa, a ranar za ka kira Osaka. Fushin kakanka abu ne da za ka iya ɗauka. In kuma komai ya tafi daidai, ka bar shi ya gaya wa ɗansa da bakinsa. Zancen gidan tsofaffi daban ne, raunin ido ba ya kai mutum can.

In ka zauna da shi, kada ka fara da cewa ba ya gani. Ka fara da abin da ya yi daidai, don ya yi. Ba wanda ya ƙwace masa makulli, shi ya duba kansa wata safiya ya sauka daga kujerar da ya fi so a duniya. Wannan aikin mutumin da ya mayar da amininsa gida ne. Sai dai rabin aikin ya yi: ya sauke hannunsa, bakinsa yana nan yana tuƙi. Ka ce masa ka ji abin da ya faru a mararrabar nan. Sannan ka tambaye shi a matsayinsa na mai duba direbobi: da wata bas ce za ta fita tashar da safe, direban sabon hannu, mai duba masa hagu ba ya ganin hagu, hanya kuma ƙanƙara, zai miƙa makulli? Ka yi shiru ka jira. Kana da haƙuri, ka yi amfani da shi. Zai iya zagin ka, ka bar shi ya gama.

Likitan ido kuwa ba sai kun koma gida ba, akwai su a Aomori. Ni ba likita ba ce, ba zan raɗa wa ciwon suna ba, amma wasu cututtukan ido ana iya tare abin da ya rage in an je da wuri, kuma an riga an ɓata watanni.

Gargaɗi ɗaya gare ka: kada ka ce kai za ka karɓi sitiyarin ka kai su. Kai ma ɗan kudu ne, tudun lemo ba ƙanƙara ba ne. A nemi wurin da za a ajiye motar har sanyi ya wuce, ka koma ka tuƙo ta gida da kanka.

Alkawarin da ya yi mata shi ne za ta ga fitowar rana a Nosappu, bai ce sai a wace mota ba. Jirgin ƙasa yana zuwa Nemuro, garin da ke kusa da wurin, daga can akwai bas. In girbi ya lafa, ka roƙe shi ya tafi da kai, ka ce kai ma ba ka taɓa gani ba. Mutane irin kakanka ba su iya karɓar taimako ba, amma sun iya yin alfarma. Ka zaunar da shi a kujerar gaba, inda zai ga yatsan direba. In aka zo mararraba ya ɗaga nasa ya ce “Hagu lafiya”, ka bar shi ya faɗa da ƙarfi yadda yake so, tunda wani ya riga ya duba. Kakarka kuma, karon farko tun damina, za ta ɗora hannuwanta a cinya ta kalli teku ta taga.

Ina yi muku fatan isa tashar ƙarshe lafiya, ku ukun, da dawowa gida lafiya.

Kuwabara